Zoben Baba a Yashin Argungu

Mun tashi daga Gwadangaji, unguwarmu a Birni, ana idar da sallar asuba, ni da maƙwabcina mai gyaran famfo, mutumin Filato, wanda ke da na'urar gano ƙarfe da yake neman bututu da ita a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya fitar da ni zoben azurfar mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Ya suɓuce mini a yashin bakin kogin Argungu ina alwala, ga damina ta kawo kai. Ruwa na tasowa, shi ke nan, zobe ya zama na kifi.

A tasha muka tarar kuɗin mota ya sake tashi, direba kuma yana rantsuwa wai taimakonmu yake yi. Wajen Zauro manoma tuni sun duƙufa a fadamun shinkafa. Muka sayi masa mai zafi ta taga, albasar da aka lafta a bayan mota tana ta sa mu hawaye har muka isa.

Ban taɓa ƙasa ba sai da na je na gaida dattijon masunta mai kula da wurin, don a can ba a faɗa wa bakin ruwa ba sallama. Ya amince, da sharaɗin duk ramin da na tona in cike shi.

Na'ura ta yi ta kuka: ƙugiya, murfin lemo, wata ƙugiyar, tsohon cokali. Kafin hantsi labari ya kai kasuwa wai mutanen Birni sun zo haƙar zinariya. Sai ga 'yan sanda biyu.

Maƙwabcina ya so mu sulale. Na ce wallahi ba inda za ni, ban saci komai ba. Na ajiye na'urar a ƙasa, na yi musu barka da aiki, na nuna katin shaidata, na faɗi abin da ya kawo ni. Babban cikinsu ya ce wurin na gwamnati ne, za su tafi da na'urar ofis, in dawo mako mai zuwa. Raina ya ɓaci matuƙa, amma ban ɗaga murya ba.

"Yallaɓai, mako mai zuwa wanga wuri ruwa ne," na ce. "In doka ta hana, gaya min, in bi ka da ƙafata. In ba ta hana ba, ba ni barin zoben ubana."

Ya tsura mini ido. Dattijon ya matso ya shaida da izininsa nake. Ɗan sandan ya ce to zai tsaya a kaina, duk abin da ya fito shi zai fara dubawa, in kayan tarihi ne ba nawa ba ne. Na ce na yarda. Ya tambayi alamar zoben, na ce akwai lotsawa a gefe, inda ƙofa ta taɓa datse wa Baba yatsa.

Rana ta take, gumi ya jiƙa masa kaki, bai gusa ba. Dab da azahar na'ura ta sake kuka. Shi ya tsoma hannu cikin yashin, ya goge abin a hannun rigarsa, ya juya shi har ya ga lotsawar. Ya miƙo mini da hannu biyu.

"Allah shi jiƙan tsoho," ya ce.

Muka cike ramukanmu kaf, muka ci soyayyen kifi, muka kamo hanya. Abin da na koyo, ka gaida masu wuri, ka girmama mai kaki, amma in kana kan gaskiyarka kada ka motsa. Muna sauka a Gwadangaji daga keken da ya ɗauko mu daga tasha aka kece da ruwan farko, zoben yana yatsana.