Gurup Saboda Kifayen Baba

Ranar wata Talata ce cikin watan Afirilu, shekarar da nake aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko. Na taso da tsakar rana, rairayin Madawa yana ƙona mini tafin ƙafa ta cikin silifas, ba abin da ke raina sai kofin ruwan randa da inuwar dogon yaron da ke tsakar gidanmu. Tun daga zaure na ji gidan tsit, fanka ba ta juyawa, rediyon maƙwabta ma ya yi shiru, na san an ɗauke wutar lantarki, wadda mu muke ce wa kuran. Ban ko sauke jakata ba Inna ta fito daga ɗakin Baba, rigarta sharkaf da gumi, ta miƙo mini famfon keke. "Amshi, Salame, hannuna ya mutu," ta ce, ta wuce madafa inda tukunya ke jiranta. Na shiga na durƙusa gaban akwatin gilashin da ke kan tebur. An haɗa bakin famfon da wani siririn tiyo da ya nutse cikin ruwan, duk turawa ɗaya sai ƙwayoyin iska su taso daga ƙasa. Kifayen duk sun hauro sama suna buɗe baki kamar masu roƙo. Baba yana jingine da matasai a kan gadonsa, idonsa na zuwa kansu yana dawowa kaina. Haka na yi ta turawa da cikina wayam har aka kira la'asar.

Baba direban babbar mota ne a da. Albasa yake ɗauka daga yankinmu ya kai ta har bakin teku, ya yi makonni ba mu gan shi ba, ya dawo da ƙamshin man inji da tsaraba. A wata dawowa daga Kwatano ya sauko da wannan akwati, an naɗe shi da barguna, aparantinsa Idi, yaron motarsa, kuma yana rungume da leda cike da ruwa, jajayen kifaye ƴan ƙanana na yawo a ciki, da wani baƙi mai manyan idanu. Inna ta dube su ta ce, "Mutane na kawo wa iyalinsu atamfa, kai ruwa ka ɗauko muna." Mu a lokacin kifin da muka sani shi ne busasshen da ake jerawa a kasuwa, sai tarwaɗar da ake kamawa idan tabki ya ja baya. Yaran unguwa suka cika gidan, hancinsu manne da gilashi, mata kuma suna tambayar yaushe za su girma a yi miya. Baba ya yi ta dariya. Ya sa wa kowane kifi sunan garin da yake yada zango a hanya, ya nuna mana wani ɗan inji kamar sabulun wanki da ake sa wa a wuta, shi ke hura musu iska dare da rana. Ya ce ruwan famfo sai ya kwana a tulu kafin a zuba musu, in ba haka ba maganin da ke ciki ya kashe su.

Ba a yi shekara ba ciwo ya kayar da shi. Wata safiya ya dawo daga masallaci ya faɗi a bakin zaure, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Aka yi asibiti, aka yi na gargajiya, mai motar ya ba wani direban makulli. Da farko abokansa sukan zo su zauna su yi masa hirar hanya, sannu a hankali ƙafa ta ɗauke. Mutumin da ya saba ƙetare ƙasashe ya koma ba ya wuce ɗaki da bayan gida, sai an riƙe shi. Abin da ya rage masa shi ne akwatin nan. Inna ta jawo teburin kusa da gadonsa, yakan wuni yana kallonsu, da hannun hagu yake marmasa musu busasshen burodi bayan abincinsu na gwangwani ya ƙare.

To amma kifin gilashi ba tarwaɗa ba ne da ke kwana cikin laka. Da zafi ya tsananta, in kuran ya tafi injin iskar ya tsaya, kafin a jima ruwan ya yi ɗumi, sai ka ga sun taso suna haki. A bazara kuwa ɗaukewar ta fi kawowar yawa. Wana Laminu ne ya ƙirƙiro dabarar famfon keke, muka riƙa karɓa-karɓa, ni da shi da Inna. Mukan jiƙa buhu mu lulluɓe gefen akwatin kamar yadda ake wa randa, wani lokaci mu ɗebi ruwan da kofi mu tsiyayo shi daga sama. Wannan duk ƙari ne a kan aikin da ke jirana kullum: surfen hatsi, wanke-wanke, sharar garken awaki, da kai wa Inna ƙullun ƙosai inji, don da ƙosan nan take riƙe da gidan tun da Baba ya kwanta. Da yamma ina jiyo ƙawayena suna carafke da ƴar gala-gala a ƙofar gida, suna kiran sunana har su gaji. Da damina ta faɗi Laminu ya tafi Urno taya ƙanen Baba noman gero da dawa, aikin ya koma kaina da Inna. Akwai ranakun da nake duban jajayen halittun nan in ji kamar in juye su wa kaji. A aji barci nake yi, mushe, wato malaminmu, ya buga tebur in zabura, alli ya faɗi daga hannuna.

A bazara ta biyu abin ya faru. Muna jarrabawa a lakwal, Inna ta ga akwai kuran, ta ce bari ta leƙa kasuwa ta auno wake. Tana fita aka ɗauke. Ni na fara dawowa. Na tarar da Baba a ƙasa, tsakanin gado da tebur, goshinsa ya fashe, famfon keken yana maƙale a hammatarsa. Ya ja jiki ya sauko, ya yi ta ƙoƙarin turawa da hannu ɗaya, abin bai yiwu ba, komawa gadon ma ya gagara. Fiye da rabin kifayen suna yawo a saman ruwa ciki a sama, har da baƙin nan mai idanu. Na ruga na kira maƙwabcinmu muka ɗaga shi. Muka mayar da shi kan gado. Ya juya fuska bango, ya ƙi fura, ya ƙi kunu, kwanaki ana fama, maganinsa ma sai da Inna ta yi kuka ya haɗiye.

Cikin makon Inna ta aika Karofane wurin Bafulatanin da ke kiwon tumakin da ta gada daga uwarta, ta ce a kai su kasuwa. Janareta za ta saya, abin da a wajenmu ake kira gurup. Labari na fita shawara ta yi ta zuwa kamar ruwan sama. Kawu, yayan Inna, ya taso takanas daga Buza. "Rabi, in za ki saya ki sai babba," ya ce, "wanda ka ɗaukar firigo, ki riƙa saida ƙanƙara, abu shi ci da kainai." Laminu yana son wanda zai ja tele, wato talabijin, saboda kallon ƙwallo. Wata maƙwabciya ta ce akwai tsoho mai arha wajen ƙanenta. Wasu kuma a bayan ido suke cewa ciwon mijin ya taɓa mata kai, mutane na neman abin da za su ci ita tana neman wa kifi iska. Inna ta saurari kowa ba ta yi gardama ba. Ranar da za ta tafi ta naɗe ɗan injin iskar a tsumma ta sa a jaka, ta yafa mayafi, ta ce ni in biyo ta.

Shagon yana kusa da tasha, an jera su a ƙofa, ja da rawaya da shuɗi, sababbi cikin kwali daga ƙetaren iyaka, tsofaffi kuma an goge su da mai suna ƙyalli. Mai shagon ya tambaye ta, "Hajiya, mi za ki kunnawa da shi?" Ta ce, "Kifi." Ya yi dariya har ya ga ita ba dariya take ba. Ta warware tsumman ta nuna masa injin, ta ce da wannan, da fanka ɗaya, da ƙwan fitila ɗaya. Ya fara nuna mata wani ƙato mai tayoyi. Inna ta ce mini, "Ja igiyar mu gani." Na ja da iya ƙarfina, ko motsi bai yi ba. Ta ce a wuce shi, don ranar da za a buƙace shi babu namiji a gidan. Tsohon da aka yaba mata sai da yaron shago ya yi ta ja yana gumi kafin ya tashi, ya turnuƙe mu da shuɗin hayaƙi. Shi ma ta ce a'a. Duk wanda aka tayar sai ta fita ta tsaya can bakin titi ta kasa kunne, saboda kan Baba ba ya ɗaukar ƙara. Ta tambayi kwalbar esansi, wato fetur, tana kai shi daga wace salla zuwa wace salla. Ta tambayi in buji ya mutu, wato ɗan ƙarfen da ke ba shi tartsatsi, ko ana samu a Madawa ko sai an je Ƙonni. A ƙarshe ta tsaya kan mafi ƙanƙanta, mai mariƙi a sama kamar bokiti. Na ɗaga shi da hannu biyu ya ɗagu, na ja igiyar ya tashi. Ta sa aka jona injin iskar, ta kara tiyon a kumatunta ta ji iska na fita. Mai shagon ya ce, "Amma ki sani ba shi ɗaukar firigo, ba shi ɗaukar dutsen guga." Ta ce, "Ba ni da ko ɗaya." Da Kawu ya gan shi sai ya girgiza kai ya ce an saida tumaki an sayo ɗan tsako.

Ba zan ce gurup ɗin ya kawo hutu ba, sauya wa gajiyar kama kawai ya yi. Ranar farko a bakin ƙofar ɗaki muka ajiye shi, hayaƙin ya shiga, Baba ya yi ta tari har idonsa ya yi ja, ni ma kaina ya sara. Mai gyaran babur na unguwarmu ya ce hayaƙin nan yana kashe mutum ba tare da ya sani ba, muka mayar da shi can bayan garken awaki, ƙarƙashin wani guntun kwano, aka ja doguwar waya. Na koyi gauraya esansi da baƙin mai a kwalba, na koyi kwance buji in kankare shi, na san duk masu saida mai a kwalabe a bakin hanya da wanda ke haɗawa da kananzir. Wata rana ya ƙi tashi sam, sai mu koma wa famfon keken. Maƙwabtan da suka yi gulma su ne suka riƙa aiko da wayoyinsu a sa musu caji. Littattafaina duk warin mai suke, ƴan aji suka sa mini suna Mai Gareji.

Amma Baba ya juyo daga bango. Ranar da kuran ya tafi, ya ji ƙarar gurup daga bayan gida, ya ga ƙwayoyin iska sun ci gaba da tasowa ba wanda ya durƙusa gaban akwatin, sai ya miƙa hannu aka ba shi fura. Idi, wanda a lokacin ya zama direba, ya kawo wasu ƴan kifayen daga tafiya. Duk sa'ad da na tayar da injin na shigo ina goge hannu a zani, Baba yakan haɗa bakinsa da ƙyar ya ce, "San-nu, ɗiya-ta." Ya yi ƴan shekaru a haka kafin Allah ya karɓi abinsa, cikin wata damina. Inna ba ta kashe gurup ɗin ba. Tana takaba tana aikena in tayar da shi, har kifin ƙarshe ya mutu don kansa. Daga nan ta wanke akwatin ta ba wani malamin lakwal, gurup ɗin kuma Laminu ya buɗe rumfar aski da shi.

Yanzu ina koyarwa a Keita, ina da nawa ƴaƴan. Har yau kuran yana tafiya lokacin da ya ga dama, sai dai rufin gidaje ya cika da faifan hasken rana, an ce ma akwai injin iskar kifi mai batir da ke aiki shiru, ba hayaƙi ba igiya. Abin da ya cinye mana tumaki da ƙuruciya, yau yaro na iya sa shi a aljihu. Da hutun bara na je Madawa, na sami Inna tana tsintar wake a tabarma, idonta ya rage gani. Na tambaye ta abin da ban taɓa tambaya ba, na ce, "Inna, wai son kifin nan kike har haka?" Ta taɓe baki. "Ni? Ko kallonsu ban so, ƙarni gare su. Amma in ina wanke babanku, ina sauya mai tufafi, in idonshi na bisa kifin sai shi manta da kunya. Wannan na saya, ba iskar kifi ba." Ta ci gaba da tsintar wakenta, ni kuma na zauna na taya ta.

Ashe duk shekarun nan mutuncin Baba muke hura wa iska.