Lauya da Gadar Layinmu

Gyaran rediyo ne sana'arsa, amma duk layinmu Lauya muke ce masa, don in ya ɗauko magana ba ya ajiye ta sai ya kai ta masauki. Shagonsa yana jikin nawa. Ni guga nake yi. Ta bango nakan ji shi yana faɗa da tsohuwar rediyo kamar da mutum yake, yana ce mata in ba za ta yi magana ba ta faɗa masa tun da wuri.

Tsakanin layinmu da babban titi akwai kwata mai faɗi. Da can akwai gadar siminti a kai, ruwan wata damina ya tafi da ita, aka bar mu da katakai. Mai lafiyar ƙafa ya wuce abinsa, amma mota ba ta shigowa. Matar Lauya, wadda yara da manya muke kira Gwaggo, gwiwoyinta sun daina ɗaukarta. Duk ranar asibiti sai a zaunar da ita a kujerar roba, maza su ɗaga, su tsallaka da ita. Takan rufe fuska da mayafi, tana cewa an mai da ita buhun gawayi. Gadar nan ita ce abin da Lauya yake nema a duniya.

Lokaci-lokaci ƙaramar hukuma kan liƙa sanarwa a jikin turken wutar lantarki, cewa za a yi taron jin ra'ayin jama'a a kan kasafin kuɗi ko gyaran gari. Kullum da hantsi ake sa shi, a ranar aiki. Mu kuwa yadda muka taso, ba a zuwa gaban manya da gayya kamar za a yi faɗa. Mutum ɗaya mai hankali ake turawa. Ana gobe taro sai mu haɗu a ƙofar shagonsa da yamma, da tela, da mahauci, da mai shago, kowa ya faɗi nasa, a ƙarshe mahauci ya ce, "Lauya, bakinka bakinmu." A watse.

Da safe ya miƙo mini rigarsa ta fita, ya ce in na ƙona ta da ni zai fara a gaban kansila. Nakan ce masa rigar ta fi kansilan daɗewa a wannan zaure, ita ya kamata a ba kujera. Ya rufe shago ya tafi. Bayan azahar ya dawo da robar ruwa da biro na kyauta, ya ce an saurare shi, an tafa masa, har an rubuta maganar gada a babbar takarda a bango.

Wata shekara aka sa fitilu a hanyar kasuwa. Wata shekarar aka shuka furanni a shataletale. Aka canza kansila, sabon ya ce shi daga tushe zai fara jin ta bakin jama'a. Birori suka cika gwangwanin madara a kan teburin Lauya, kwalar rigar ta fara cinyewa, Gwaggo tana ta tsallake kwata a kujera.

Ranar wani taro ba wuta, ba gawayi a hannuna, sai na ce bari in raka shi. Zauren yana da faɗi, da kujerun roba da fanka mai ƙara. Lauya ya miƙe ya yi magana, kuma ya yi ta yadda ya kamata, har na ji ƙwalla. Aka tafa. Daga nan wata jami'a, yarinya sa'ar 'yarsa, ta tsaya gaban allo ta ce za ta kira ayyuka ɗaya bayan ɗaya, mai so ya ɗaga hannu. Da ta kira wurin ajiye motoci na sabuwar unguwa, hannuwa suka tashi kamar karan gona, don mutanen unguwar mota guda suka cika suka zo, har da matansu. Da ta kira gada, hannunsa ne da nawa.

Da aka tashi ya je wurinta, tana naɗe takardu.

"'Yata, ni fa da yawun layi guda na zo. Duk gidajenmu suna cikin hannun nan."

"Baba, na sani, kowane taro kana faɗa," in ji ta. "Amma hannu aka ce in ƙirga. Wanda bai zo ba, ba ni da inda zan rubuta shi."

Ta ce a ofis gani ake yi layinmu bai damu ba, tunda dattijo ɗaya ne kullum yake leƙowa. Ba da raini ta faɗa ba, ita ma a gajiye take. Shi kuma duk shekarun nan ya ɗauka maganar da aka tafa wa ita ce aikin, ɗaga hannu kuwa cika sharaɗi ne kawai.

Da muka dawo, Lauya ya tara 'yan layi ya faɗa musu. Taro na gaba muka rufe shaguna muka tafi gaba ɗaya, har ruwan roba bai ishe mu ba. Ashe wannan taron na sanar da abin da aka zaɓa ne, ba a ɗaga hannu. Aka gode mana da cika zaure, aka ce mu dawo lokacin kasafi mai zuwa.

Damina ta riga kasafin isowa. Wata safiya katakon ya yi santsi, ƙafar tela ta zame, kujerar Gwaggo ta karkata a kan ruwa. Ba ta faɗa ba, amma da suka dawo ta ce ta hau ta ƙarshe. 'Yarsu tana da ɗaki kusa da asibiti, a can ɗaya gefen gari, ta daɗe tana roƙonsu su koma. Wannan karon Lauya bai yi gardama ba.

Ya mayar wa mutane rediyoyinsu, waɗanda ba a zo karɓa ba ya jibge mini. Ranar tafiya aka sake ɗaga Gwaggo a kujera, ta ce wa tela in ya yar da ita yau, ita da shi ne har lahira. Lauya ya tsaya a bakin katako ya dube ni.

"Mai Guga, ka riƙa zuwa. Amma kada ka je kai kaɗai."

Kwanan baya aka sake liƙa sanarwa. Da yamma suka taru a ƙofar shagona, don na Lauya yanzu mai cajin waya ne a ciki. Aka yi ta magana, sai mahauci ya fara cewa bakina bakinsu, ya tuna, ya haɗiye sauran. Na ce ni ba ni da baki, hannu gare ni, kowa ya zo da nasa. Duk suka ce in Allah ya yarda.

Da hantsi na goge rigata na tsaya a bakin kwata. Tela yana da ɗinkin da za a karɓa da rana. Mahauci bai sayar da rabin namansa ba. Mai shago ya ce in yi gaba, yana nan tafe. Na ɗan ƙara jira, sannan na taka katakon a hankali, don har yanzu yana santsi.