Sistar da Ta Tare Sanda da Kafaɗarta

Ƙarfe shida da rabi na safe Sista take shiga sashen gaggawa na asibiti. Kafin ta karɓi aiki sai ta kwashe almakashi da duk wani abu mai kaifi daga kan tebur ta kulle a durowa, sannan ta duba ko ƙofar baya na buɗuwa. Shekara ashirin da shida ke nan tana haka. Sababbin nas-nas kan tsokane ta, wai Sista ko yaƙi ake jira?

Mai shara ce ta ba ni labarin wata Talata da hantsi. An kawo wani dattijo numfashinsa sama-sama, likita kuwa ɗaya ne, yana kan wata mata mai zubar da jini. Ɗan dattijon ya fizgi sandar rataye ƙarin ruwa, ya yi kan wata nas mai cikin wata bakwai. Mai gadi yana waje. Kowa ya manne da bango.

Sista ce ta shiga tsakani.

"Ƙanena, ajiye," in ji ta. "Baba na jin ka. Zo ka tallafe masa kai in sa masa iska."

Ina! Sandar ta sauka a kafaɗarta, aka ji ƙas. Da hannu ɗaya ta ɗaura wa tsohon robar numfashi. Sai da ya farfaɗo sannan ta sulale ƙasa. Har yau hannun hagun ba ya ɗaguwa sosai.

Na tambayi Sista ko tana jin tsoro.

"Kullum," ta ce. "Aka bugo ƙofa da ƙarfi, sai in zabura. Maigidana ma in ya ga kirana da rana tsaka, sai ya nemi wuri ya zauna kafin ya ɗauka."

Sista, ke ce kika sha mari, kika sha tofin yawu, washegari kika dawo da fararen kayanki a goge. Ke ce kika dami manya da takardu har aka ƙaro mai gadi na biyu. Ƙarshen watan nan za ki yi ritaya, kuma wallahi na ƙasa da ke a tsorace suke. Wadda kika kare ranar nan ta ce mini ba ta san bayan wa za ta ɓuya ba.

Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Ku abokan aikinta, ku tsaya wa juna yadda ta tsaya muku. Mu kuma masu kawo marasa lafiya, mu kama kanmu. Wadda ka ɗaga wa hannu, ita ce za ta lalubo jijiyar mahaifinka.