Kifin Malam Garba na Ƙarshe

Ku da kuka san mijina Malam Garba a unguwarmu ta Soundview, nan ƙasar Turawa, kun san halinsa. Da hadari ya haɗo, iska ta taso, 'yan'uwansa direbobin tasi na murnar fasinja, shi kuwa sai ya ajiye aiki ya ɗauki ƙugiya. "Hajara, yau ranar wolai ce!" Wai kifin nan mai ido kamar gilashi ba ya son hasken rana, sai gari ya lumshe yake fitowa farauta. Tafiyar rabin yini zuwa tafki, a kan kifi! Jikan masuntan Yawuri ne, me za ka ce masa?

Tanar da yake sa wa ƙugiya kuwa a firijina take kwana, cikin robar bota. Rannan maƙwabciyata Hajiya Rabi ta buɗe za ta shafa a burodi. Ihun da ta yi har bene na ƙasa! Malam ya rugo. "Haba Hajiya, kar ki firgita min su, gobe suna da aiki!"

Wata rana ya dawo hannu rabbana, yana washe baki, ya nuna min hoton wani ƙaton kifi a waya.

"Ina yake?"

"Mace ce, Hajara. Manyan nan su ke zuba ƙwai. Na mayar da ita ruwa."

"To hoton zan jefa a miya?"

"Jefa, amma ban da yaji."

Yajin nan shi ne faɗanmu. "Turawa na tururuwa gidan abinci don zaƙin naman nan, ke kina binne shi da barkono!" Ni ko in ƙara cokali guda yana kallo.

Bayan rasuwarsa na tarar da kifin wolai guda ɗaya a firiza, ƙullin hannunsa. 'Yata Zainab ta ce, "Mama, ki dafa, zai lalace." Na kasa. In na cinye, me kuma ya rage da hannunsa ya kamo min?

Ranar sadakar arba'in na daure na soya shi, gishiri kawai. Na ci ina kuka. Wallahi Malam, da gaskiyarka, akwai zaƙi, ga shi ba ka nan balle ka yi min dariya.

Allah Ya jiƙanka, Garba, Ya sanyaya makwancinka, Ya ba ka gida a bakin ƙoramun Aljanna.