Rage Ƙibar Haladu Tela

Duk wanda ya taɓa zama a bencin ƙofar shagon Haladu Tela a Kubwa ya san abin da yake fara yi in ya gan ka. Kafin ka gama sallama ya miƙe, ya kama gefen kaftaninsa da yatsu biyu, ya ja shi waje, ya kaɗa.

"Ka gani? Riga ta fara yi mini yawa. Ina zubewa, wallahi ina zubewa!"

Shekara goma sha ɗaya ina jin wannan magana. Shekara goma sha ɗaya Haladu yana zubewa, amma ƙofar shagon nan sai da aka kira kafinta ya ƙara mata faɗi.

Ku 'yan majalisa kun ce ni zan rubuta wani abu a kansa, tunda na fi kowa zama da shi. To ni ba marubuci ba ne, direba ne, a aji uku na sakandare na ajiye biro. Kuma kun san halina, ban iya yabon mutum ba, don ban ga abin yabo da yawa a garin nan ba. Abuja gari ne da in ka faɗi a titi za a kewaye ka ana duba agogo. Amma abin da na sani zan faɗa, wanda ya ji haushi ya sha ruwa.

Bari in fara tona asirin rigar. Wata rana na shiga shagon ba sallama, na iske shi daga shi sai singileti. Kaftaninsa ruwan toka yana kan keke, an farke gefe da gefe, yana cusa masa ƙyalle mai faɗin tafin hannu. Shi Bakano ne, ni Bazazzagi, kun san tsakaninmu ba a gaisawa sai da tsiya.

Na ce, "Bakano, me nake gani haka?"

Ya ce, "Gyara."

"Gyaran me? Ƙari dai! Ashe kai ke ƙara wa rigar faɗi, sannan ka fito kana cika mana kunne wai ka rame?"

Ko a jikinsa. Ya ciji zare ya tofar, ya ce, "Kai Bazazzagi, matsalarka rashin ilimi. Likita cewa ya yi in yi ƙoƙari har in ji na sake a cikin kayana. To na sake ko ban sake ba?"

Haka yake. Hawan jini gare shi, ga gwiwoyi suna kuka, likita ya daɗe da ce masa ya rage jiki. Bai taɓa musu ba, kullum yana cikin ragewa. Sai dai yana da dokokinsa da babu su a littafin kowane asibiti. Abin da aka ci a tsaye, a wurinsa, ba ya zama a jiki, wucewa yake yi. Gyaɗa ba abinci ba ce, abokiyar hira ce. Aljihun keken ɗinki, inda sauran teloli ke ajiye allura da zare, shi ƙuli-ƙuli ne da aya a ciki. In ya sha shayi ba suga da safe, sai ya ce ya yi jarumta, jarumi kuwa ai a ba shi tukuici, sai ka ga an aiko da alale.

Da a nan labarin ya tsaya, da dariya kawai za mu yi mu tashi. To akwai nawa a ciki.

Shekara biyu da suka wuce ƙusa ta soke ni a tafin ƙafar dama a gareji. Ɗan ciwo kamar ƙwayar wake, amma ya ƙi warkewa, har ya fara wari. Da na je asibiti aka auna jinina, aka ce suga ce, kuma ta daɗe tana cina ban sani ba. Likitan bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce, "Malam Garba, ga magani, ga takardar abin da za ka ci da wanda za ka bari, kuma tumbin nan sai ya ragu. In nan da wata uku ciwon bai kame ba, za mu yanke daga ƙasan gwiwa."

Ƙafar dama fa! Da ita nake taka totur, da ita nake taka birki, da ita nake ɗibar ma'aikata daga Kubwa zuwa cikin gari tun ina da baƙin gashi. 'Ya'ya biyar ke cin abinci a ƙarƙashin ƙafar nan. Da na fito daga asibitin zuciya ta ɗebe ni, na ce a yanke ɗin mana, dama me garin nan ya bar mini? Na zarce tasha wurin mai masa, na ce ta cika faranti ta barbaɗa suga kamar ana biki.

Ban kai loma ta biyu ba na ga inuwa ta rufe ni. Haladu ne, ashe matata ta riga ta kira shi a waya.

"Ajiye."

"In ajiye me?"

"Na ce ka ajiye, bawan Kanawa. Daga yau tare za mu yi rage ƙibar nan. Ka yi sa'a ma, ka samu wanda ya daɗe a harkar."

Ya janyo farantin gabansa, ya gyara zama, ya yi bismillah. Ina kallo ya share shi tas, har da lashe sugan da ya maƙale a yatsa.

Na ce, "Wannan shi ne taren?"

Ya ce, "Almubazzaranci haramun ne. Gobe za mu fara."

Likita ya hana ni tuƙi, sai na ba ƙanin matata motar yana ja, ni kuwa ina lallaɓawa tasha in zauna don kada zaman gida ya haukata ni. Washegari na je wurin mai shayi, na ce a haɗa mini kamar kullum, mai kauri da burodi. Ya ce sai dai ruwan bunu ba suga, an hana. Na matsa wurin mai masa, wata mata 'yar Nasarawa, ta ɗaga hannu tun daga nesa.

"Oga Garba, babu masa! Oga Tela ya ce idan ni ya ba ka, zai kai ni polis."

Har Bafulatanar da ke kawo fura daga ruga, da ta hango ni sai ta rufe ƙwaryarta da faifai ta kau da kai. Ashe tun bayan sallar asuba Haladu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da gwiwoyin nan nasa, yana ja musu kunne.

Abin da ya ɗaure mini kai, babu wanda ya nuna damuwa da rasa cinikina, alhali ni ba ƙaramin mai ci ba ne. Sai a kwana na uku na gano dalili. Na zo da wuri, na hango Haladu a gaban mai masa da faranti. Ya gama ya wuce teburin mai shayi. Ya gama ya nufi ƙwaryar fura.

Na tare shi. "Kai! Wato ka hana ni don ka gaje ni?"

Ya goge baki da gefen hula, ya ce, "Kai ba ka da tausayi ne? Matar nan marayu take riƙo. Haka kawai a janye mata ciniki? Ai dole wani ya tsaya a gurbinka."

"To naka rage ƙibar fa?"

"Ba ka ga a tsaye nake ci ba?"

Jama'a, wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba. Sati shida ina kan acca da wake da zogale, da tuwo ɗan mitsitsi kamar na maganin ɓera. Yunwa daban, kwaɗayi daban. Cikina a cike, amma in mai burodi ya wuce sai in ji ƙamshin har cikin haƙorana. In ana sallah a sahu, wallahi Allah ya yafe mini, kwalbar lemo mai raɓa nake gani a gabana. Wata Laraba da azahar na kasa. Na tari Keke Napep na ce a kai ni Dutse Alhaji, inda ba wanda ya san ni. Na sayi burodi mai laushi da lemon kwalba, na lallaɓa bayan wani shagon kwantena na zauna a kan bulo kamar ɓarawo.

Ina ƙoƙarin buɗe kwalbar da haƙori na ji ƙarar babur yana nishi. Ɗan acaɓa ne ya goyo Haladu, tayar baya ta kusa lafewa da ƙasa. Mai Napep ɗin da ya kawo ni, ashe Haladu ke yi masa ɗinki, kuma har masu Napep ɗin ya bi ya ba su lambarsa.

A ranar na zage shi. Ba zagin wasan Bakano da Bazazzagi ba, zagi na gaske. Na ce, "Kai da rabonka da ganin yatsun ƙafarka tun kana saurayi, kai ne za ka koya mini kame baki? Ka fara gyara kanka mana! Ƙafar nan tawa ce ko taka?"

Ya daɗe yana kallon bandejin ƙafata, sannan ya ce, "Taka ce, Garba. Amma in aka yanke, ni za a kawo wa wandunanka in naɗe ƙafa ɗaya in ɗinke. Na yi wa yayana a Kano, wando bakwai. Ba zan sake yi wa kowa ba."

Ban san yana da yaya ba ma. Na rasa inda zan sa idona. Na miƙa masa ledar da kwalbar. Ya buɗe, ya ɗaga kai, ya shanye a numfashi ɗaya, ya yi gyatsa, ya dubi kwalbar da raini.

"Kuma don mugunta, mara sanyi ka saya."

Daga ranar ban sake satar hanya ba. Ba don tsoron likita ba, kunyar wandunan nan bakwai ce ta riƙe ni. Shi kuwa ya ci gaba da aikinsa. In an yi suna ko ɗaurin aure sai ya zauna kusa da ni, a miƙo mini robar shinkafa ya karɓe, ya tsince kabeji da nama ɗaya ya ba ni, ya ce sauran akwai haɗari. Matarsa, Maman Nana, takan dafo mini faten acca ta ba shi ya kawo. Bai taɓa isowa da kwanon a cike ba. In na yi magana ya ce gishiri ya ɗanɗana mini, daga gidansa har gidana.

Da wata uku suka cika shi ya raka ni asibiti. Likita ya kwance bandeji, ya danna nan ya danna can, ya ce ciwo ya kame, fata ta fara rufewa, maganar yanka babu ita. Na hau sikeli, kilo tara sun tafi. Ni da ban yi kuka ranar da hukuma ta rushe mini gida ba, ranar nan sai da na juya na kalli bango.

Haladu kuwa ya cika ɗakin da murna, yana cewa "Mun yi ƙoƙari! Mun sha wuya!" Nas ɗin, wata 'yar Filato mai barkwanci, ta ce, "Oga, tunda tare kuka yi, kai ma hau mu gani."

Ya ce sikelin asibiti ba shi da gaskiya. Ta ce ya hau dai. Ya cire takalmi. Ya cire hula. Ya zaro almakashi da tef ɗin awo da waya, ya zazzage gyaɗar aljihu a tafin hannuna, ya saki numfashi, sannan ya hau a hankali kamar mai taka ƙwai. Ta duba katinsa na baya, ta dubi sikeli, ta riƙe baki.

"Oga! Ka ƙara kilo takwas!"

Ya leƙa ta saman tumbinsa, bai hango lambar ba, ya ce, "Ba nawa ba ne, 'yata. Na Bazazzagin nan ne, ajiya ya ba ni."

"To yaushe za ka mayar masa?"

"Ai Bakano ba ya mayar da abin da ya shiga hannunsa."

Watan jiya, kun sani, ya faɗi a kan kekensa da hantsi, kwana biyu a asibiti Allah ya karɓi abinsa. Abin ya tsaya mini a rai. Da na shiga yi wa Maman Nana ta'aziyya na kasa riƙewa, na ce ina tsoron ko rabona da ya riƙa cinyewa ne ya ƙarasa shi. Tana cikin hawaye sai da ta murmusa. Ta ce, "Malam Garba, kada ka ɗora wa kanka. Tun ranar da aka kawo ni gidansa haka yake ci. Kai dai ka ba shi hujja ne, kuma bai taɓa jin daɗin hujja kamar taka ba."

Ranar jana'iza kun ga yadda aka yi da makara. Ƙarti suna kamawa suna saki, ana canji duk bayan 'yan taku. Ni na kama kusurwar gaba ta dama tun daga ƙofar gida, ana ta taɓa kafaɗata a karɓe ni, na ƙi. Nauyi kam akwai shi, ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Amma da ƙafafuna biyu na taka har bakin kabari, kuma karon farko a rayuwata na ɗauki kaya mai nauyi ban yi ƙorafi ba.

Allah, ga bawanka Haladu nan ya zo. Bai iya kame bakinsa ba, amma ya kame nawa. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka rufa wa Maman Nana da yaransa asiri. Ka shayar da shi daga ƙoramar da ba a hana kowa sha. Amin.