La'asar a Kan Dutsen Teku

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciyata, amma wata sallar la'asar da muka yi ni da kawuna a bakin teku, ita kam har in koma ga Allah tana raina.

Shekarar da aka yi ƙuri'ar raba gardama kan makomar yankinmu ce. Na raka Kawu, ƙanen mahaifiyata, kai shanu kudancin Kamaru. Da muka sayar da shanun sai na dame shi da naci, lallai sai mun ga teku kafin mu koma Mubi. Lokacin ina ji da kaina, na yi 'yar boko, gani nake babu abin da ya fi ƙarfin sanina. Kawu kuwa dattijo ne mai ɗingishi, ya biye mini don kawai in bar shi ya huta.

Garin bakin tekun da muka je na masu shan iska ne. Yashin bakin ruwan baƙi ƙirin, Turawa kwance a kai kusan tsirara. Kawu ya kau da kai yana salati, ya ce shi ba zai yi sallah kusa da waɗannan ba. Sai na hango wani faffaɗan dutse can ciki, ruwa ya janye ya bar fili fetal har gindinsa.

"Kawu, ga wuri can. Ruwan ya ƙafe."

"Kaman mayo na gida?"

"Kamarsa sak," na ce, ko kunya ban ji ba.

A wurinmu idan mayo, wato kogi, ya ƙafe, ya ƙafe ke nan sai damina, kuma ruwa ba ya zuwa sai an ga hadari a kan duwatsu. Ranar sama tas take. Wata tsohuwa mai gyaran kifi ta tare mu tana magana da yarenta, tana nuna dutsen tana kaɗa hannu. Kawu ya ce, "Mata nan yana cewa mene?" Na ce kifi take so mu saya. Har yau idan na tuna amsar nan sai in ji kamar in mari kaina.

Muka taka yashi mai laima muka hau dutsen. Tun a raka'a ta biyu na lura wurin ya yi tsit, babu ko kukan tsuntsu. Da muka sallame sai na waiga. Hanyar da muka biyo babu ita. Sawunmu ya ɓace, takalmanmu da muka bari a ƙasa suna yawo a kan ruwa. Babu hadari, babu ruri irin na mayo, ruwan dai yana ta hawa shiru kamar wanda ya san muna nan. Bakin gaɓar ma ya zama wayam, Turawan duk sun watse.

Daga ni har Kawu babu mai iyo. Ruwa ya kawo idon sawu, ya kawo gwiwa. Kawu ya riƙe kafaɗata, bai yi mini faɗa ba, abin da ya ce kawai shi ne, "In ka isa gida, ka gaya ma uwanka ba laifinka ba ne." Nan na fashe da kuka.

Ruwa ya kusa kai mana ƙugu lokacin da wani kwalekwale ya ɓullo ta bayan dutsen. Masuncin da ke tuƙa shi ya ja mu ciki. A ƙasan jirgin na ga doguwar sanda mai ƙugiya da tabarma biyu a naɗe. Sai da muka sauka wani Bahaushe mai tireda ya fassara mana maganar masuncin. Ashe kowace rana ruwan teku janyewa yake ya dawo ya rufe dutsen. Tsohuwar ce ta aiko shi, kuma da tabarma yake zuwa kullum, don yawanci gawa yake tararwa.

Kawu bai taɓa ba kowa labarin a gida ba har ya rasu. Ni kuwa tun daga ranar, idan na sauka a garin da ban sani ba, aka faɗa mini abin da ban gane ba, cewa nake ban gane ba, in tsaya a yi mini bayani.