Waƙar da ta gudu ta bar fim ɗinmu

Shekarun baya, lokacin da wayoyi masu memori suka cika hannun kowa a Gummi, ina koyarwa a makarantar Islamiyya ta malaminmu. Saurayi ne ni a lokacin, mai zafin kai, mai ganin cewa duk lalacewar garin daga shagon masu tura waƙa take fitowa. Yaron da ya kasa riƙe hadisi ɗaya zai rera maka waƙar fim daga farko har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar malaminmu ya tara mu, mu matasan da ke ɗaukar karatu a zaurensa. Ya ce, "Mun yi wa'azi har murya ta dushe, ba su bari ba. To tunda cikin waya suke, mu ma mu shiga cikin wayar. Ku yi namu fim, mai tsabta, ku kai wa masu turawa kyauta. Duk wanda ya kawo memori a saka mashi."

Dabarar ta burge ni ƙwarai. Da yake ina ɗan taɓa rubuta ƙasida lokacin saukar karatu, sai aka ɗora mini rubuta labarin. Na ƙago wani saurayi manomi da ya watsar da gona da makaranta ya bi wani mawaƙi, ya lalace, daga baya ya tuba a hannun wani mai wa'azi. Mai wa'azin nan kuwa ni na ba kaina, ban ma jira an tambaye ni ba.

Ni ne kuma na kafe cewa dole a saka waƙa. Na ce idan ba a nuna zaƙin tarkon ba, ba wanda zai yarda saurayin ya faɗa. Malam ya dube ni ya ce:

"Kana ganin wagga waƙa ba ta zame muna matsala?"

"Allah gafarta Malam, ta shirme zan yi, wadda kowa zai ji ya ƙyamata."

Ba ta shirme na yi ba. Na zauna ƙarƙashin darbejiyar gidanmu na rubuta waƙar wata yarinya da ke jiran jirgin fito a bakin gulbi, saurayinta yana ɗaya gefen. Ina gyara baiti, ina sake amshi, ina kaɗa ƙafa. Rabona da jin daɗin wani aiki haka na manta. Abokina, wanda muka taso tare kuma yake da murya, shi ya fito a matsayin mawaƙin. Muka je Anka wajen wani mai fiyano ya ɗora mata kiɗa. Hoton kuwa wani mai ɗaukar bidiyon biki ya yi mana a wani ƙauye kusa da Adabka, muka sha jijjiga a kan babura zuwa da dawowa. Wa'azina na ƙarshen fim ya yi tsawon da mai kyamara sai da ya canza batir.

Muka raba wa masu turawa a kasuwar Gummi da ta Bukkuyum, na koma gida ina jiran in ga gari ya shiryu.

Abin da ban lissafa ba shi ne, masu turawa sun iya yanka. Wani a cikinsu ya datse waƙar ita kaɗai, ya watsar da sauran. Kafin damina ta tsaya, 'yan acaɓa sun ɗauka, masu shayi sun ɗauka. Ƙanwata ta dawo daga biki a Gwashi ta ce da ita aka yi rawar kamu. Wata rana na shiga aji na tarar da ɗalibaina mata suna buga benci suna amshi, da suka gan ni ba su ma tsorata ba, ɗaya ta ce, "Malam, ai taka ce."

Inna ta kalli fim ɗin a wayar ƙanwata. Na tambaye ta yadda ta gani, ina fatan ko ita za ta yaba wa'azin. Ta ce, "Ya yi kyau ɗana. Inda kake dogon bayanin nan na samu na tashi na kwashe tuwo."

Wannan duk abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba ya faru ranar Juma'a. An idar da salla, mutane ba su watse ba, sai wani dattijo da ya cire jikokinsa daga makarantarmu saboda maganar ya tsaya gaban Malam. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malam, mun ba ka ɗiyanmu ka koya musu Ƙur'ani, ashe kiɗa kuke haɗawa a zaure? Jikata da ba ta iya Fatiha daidai ba, waƙarku take kwana da ita a baki."

Ina tsaye a bayan Malam, takalmina a hannu. Mutumin da ya shekara da shekaru yana karantarwa a garin nan ba a taɓa nuna masa yatsa ba, yau ana yi masa tsawa a ƙofar masallaci saboda baitocina. Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni na ba da izini, Alhaji. Kuskurena ne. A gafarce ni." Bai ko waiwayo inda nake ba.

Na yi kwanaki ina zagaye layin gidansa. Da na gaji na shiga, na durƙusa na fara ba da haƙuri, sai ya ɗaga hannu ya ce in kunna masa waƙar, shi bai taɓa jin ta ba. Na kunna. Ya saurara har ta ƙare. Sannan ya ce in kunna wa'azin. Bai kai rabi ba ya ce ya isa.

"Ka ji bambanci? Waƙar ga zama ka yi ka yi mata aiki. Wa'azin kuwa kwaso shi ka yi daga bakin mutane ka zuba. Kada ka ga laifin masu waya, su abin da anka yi da zuciya shi suka ɗauka."

Bai ƙara magana a kai ba har Allah Ya karɓi ransa. Ba mu sake yin fim ba. Dattijon ya maido da jikokinsa bayan sallar layya, waƙar ma ta yi zamaninta ta wuce kamar sauran.

Har yau ina koyarwa, kuma har yau ina ganin dabarar Malam daidai ce: wanda ya bar wa wasu abin da yara ke ji da gani, ya bar musu yaran. Sai dai na daina zaton cewa don magana gaskiya ce dole a saurare ta. Yanzu kafin in tsaya gaban ɗalibai nakan kwana biyu ina juya darasin, ina neman inda zai shiga kunnen yaro. Kuma duk Juma'ar da na fito ta waccan ƙofa ta masallaci, sai na tuna tsawar da aka yi wa Malam a wurin. Nakan saka takalmina da sauri in bi ta wani gefen.